Iya mai tara ta bayan layinmu: wata huɗu ina biya, ga abin da idona ya gani

Akwai wata baiwar Allah a bayan layinmu nan Kurna da take dafa wa 'yan makaranta abincin tara ana biyanta sati-sati, bata da shago bata da allon talla, yaran unguwa Iya mai tara kawai suke ce mata. Wata huɗu kenan ina biya wa yarana biyu a wajenta, toh tunda duk gidan suna ko biki da na shiga sai an ja ni gefe ana tambayata wai da gaske ne abincin nata yana rage ƙiba, nace bari kawai na zauna na faɗa sau ɗaya kowa ya huta, da mai daɗin da mara daɗin. Ba 'yar uwata bace, kuma ko loma ɗaya bata taɓa bani kyauta ba.

Abin da ya kaini wajenta ɗana ne na biyu, shekararsa 9 yana aji huɗu. Ni ɗinki nake a gida, don haka ba sikeli ne ya fara gaya min ba, tef ne. Cikin shekara ɗaya sau uku ina buɗe masa ƙugun wandon makaranta har yadin da na bari a ciki ya ƙare. Kuma wallahi ban damu ba, har daɗi nake ji in aka ce kai wannan yaro naki tubarkalla yayi ɓul-ɓul. Wuyansa ne kawai ya dameni, bayan wuyan yayi baƙi kamar an goga gawayi ga wani kauri-kauri, kullum ina dirza da soso da sabulun salo yana ihu, babansa na cewa ƙazanta ce bai iya wanka ba. Ranar da na kai ƙanwarsa asibitin unguwa tana zazzaɓi ya biyo mu, nas ɗin tana rubuta wa yarinya magani amma idonta na kansa, can tace Maman yara matso min da babban mutumin nan. Ta ɗora shi a sikeli, ta jingina shi da bango ta auna tsawo, ta duba wata takarda mai layi-layi, sannan ta sunkuyar da kansa ta shafa wuyan tace ki daina dirje yaron nan, ba dauɗa bace, sau da yawa alama ce jiki ya fara wahala wajen sarrafa sukari, kuma an fi ganinta a jikin masu ƙiba. Nan take jikina yayi sanyi don ciwon suga ne ya kwantar da mahaifina. Anyi gwaji Alhamdulillah ba a samu ciwon ba. Amma tambayar da tayi min ita ta hanani barci. Tace me yake ci a makaranta? Nace ina bashi 500 kuɗin tara. Tace ai ban tambayeki nawa ba, cewa nayi me yake ci.

Ban sani ba. Uwa guda, ban san me ɗana yake ci ba.

Kwana biyu da haka na zura hijabi naje na laɓe jikin wani kes nesa da ƙofar makarantar lokacin tara. Gani ya kori ji. Farantai ne jere, ƙanƙara mai kala ja da kore da shuɗi, lemon roba, biskit, cincin, fanke, alawa iri-iri, tuwon madara, ga mai soya taliyar yara a gefe, ga awara tana iyo a mai. Ina kallo ya fito da gudunsa na masu jiki ya sayi lemo ɗaya, fanke, da canjin ya cika aljihu da alawa. Da yamma in zai tafi Islamiyya ni da kaina nake ƙara masa wani abu, da daddare kuma shayi mai sukari cokali uku da burodi ko taliyar yara don ita ce mai sauƙi in ɗinki ya min yawa. Wasa kuwa babu. Filin da kawunnansa suka taso suna buga tamola yanzu shaguna ne, lungu kuma ni nake hana shi fita saboda faɗan daba da masu ƙwacen waya, sai na miƙa masa wayata yayi ta kallon katun don na samu na taka keke. Kinga kenan kafin na zagi kowa sai na fara da kaina.

Nas ɗin nan tayi min wani lissafi da ban manta ba. Tace lemon roba ɗaya mai 50cl yana iya ɗaukar sukari wajen giram 50, kusan ƙaramin cokalin shayi 12 kenan, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2015 ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum ke ci a yini, in ma da hali a tsaya a kashi 5, wanda ga babban mutum bai wuce cokali 6 ba. Da na dawo gida na ɗauko kofin gilas na dinga zuba sukari ina ƙirgawa har 12 na ajiye gaban babansu nace Abban yara ga abin da ɗanka yake sha kafin azahar. Ya daɗe yana kallon kofin bai ce komai ba, sai yace toh yanzu ya za ayi. Ni kuma gaskiya bazan iya tashi da asuba na dafa abincin tara daban ba, ga karin kumallo ga kwastomomi, a nan ne wata maƙociyata ta min kwatancen Iya.

Tsarin nata ba wuya. Kina sayen kula biyu ƙanana ki rubuta sunan yaro a murfi, ɗaya na wajenta ɗaya na wajenki ana musanya, yaro ya bi ta gidanta ya ɗauka da safe kafin bakwai da rabi ko kuma jikanta ya kawo ƙofar gida in kina kusa. Biya ranar Asabar ko Lahadi, yanzu 2,000 ne duk yaro ɗaya na kwana biyar, wato 400 a rana, ƙasa da abin da nake bashi a hannu. Litinin yawanci wake da shinkafa ne da ɗan salak ko lansir, wata rana ɗan wake da kabeji da rabin ƙwai, wata rana alala, ko faten wake da alayyahu, ko dafaffen dankalin Hausa da ƙuli. Sai ɗan abu a leda a gefe, yankan kankana ko goba ko yalo ko lemon ɓawo, duk wanda yake araha a lokacin. Abin sha ruwa ne, ranar Juma'a kawai take haɗa zoɓo da citta da ɓawon abarba, sukarin kaɗan ƙwarai, ranar farko yarona ya kurɓa ya yatsine fuska yace Umma wannan ai magani ne. Ganye daga 'Yankaba take sayowa, kayan marmari 'Yan Lemo, wake da masara kuma suna haɗa kuɗi da wasu mata a auno musu daga Dawanau, shi yasa farashin yake zama. Tace min tana cikin matan da suka yi girki a shirin ciyar da 'yan firamare na gwamnatin tarayya wanda aka fara a 2016, can ta koyi auna abincin yara da yawa ba tare da ya zube ko ya gaza ba, kuma da alamar gaskiya don hannunta a ludayi kamar awo.

Amma dambunta. Jama'a dambun matar nan shi kaɗai ya isa a biya kuɗin sati. Na tsakin masara ne, zogalen ba yayyafi take yi ba zubawa take har yafi tsakin yawa, ga albasa ga dakakkiyar gyaɗa, yana warwarewa ɗai-ɗai bai caɓe ba bai bushe ba, in ka buɗe kular ƙamshin nan na turare biyu ya bugeka. Sau biyu ina satar cokali a na yarinya kafin su fita, Allah ya yafe min. Tsafta kuma ba laifi, na shiga gidan ba sanarwa sau uku, tsakar gida a share, ganye a ruwan gishiri, kanta a ɗaure, kulolin a kife kan tebur ba a ƙasa ba.

Abin da na lura dashi tun da ya fara cin abincin sosai shi ne yaron ya daina dawowa gida kamar wanda aka kwana ba a bashi ba. Da yana shigowa ko takalmi bai cire ba zai buɗe tukunya, ashe kayan zaƙin nan cika baki suke ba cika ciki ba, awa ɗaya yunwa ta dawo, wake da ganye kuwa suna zama a ciki su daɗe.

Toh yanzu ga inda take ɓata min rai, don ba zan yi mata kara ba. Mai. Matar nan hannunta a sake yake da mai, musamman ranar garau-garau, ki karkata kular ki ga mai na gudu gefe, ga magi da gishiri kamar da gayya. Na mata magana tace ai Maman yara in ba mai yaran basa ci sai su dawo min dashi, iyayen kuma su ce na cuce su. Ta rage wa nawa na sati biyu sannan hannu ya koma inda ya saba. Sannan awo ɗaya take yi wa kowa, 'yar shekara 6 da ɗan shekara 12 ludayi ɗaya, yaji ma haka, ƙaramar tawa har hawaye take in an yi ɗan wake. Makara ma akwai, sau uku cikin wata huɗu, ɗaya ranar ruwan sama itace ya jiƙe yara suka tafi hannu biyu dole na basu kuɗi, ai ko ranar an sha ƙanƙara. An taɓa musanya mana kula da ta wani gida. Sau ɗaya kuma lokacin zafi alala tayi tsami kafin tara, wannan kam tazo da kanta ta bada haƙuri ta cire kuɗin ranar. Amma in yaronki ne bai je makaranta ba, ko da rashin lafiya ne, kuɗin ya tafi. Kuma da zata ƙara daga 1,500 zuwa 2,000 ranar Asabar da daddare jikanta ya zo ya faɗa, ba ko sati ɗaya na shiri. Na san komai ya tashi tun da aka cire tallafin mai a 2023, ban ce kar ta ƙara ba, amma ai a faɗa wa mutum da wuri.

Shi ma gogan ba a banza ya miƙa wuya ba. Sati biyun farko kula na dawowa tas ina ta murna, ashe musanye yake da wani abokinsa, dambu a bashi alawa da biskit. Ƙanwarsa ce ta tona ranar da suka yi faɗa.

Sai dai duk wannan ba a nan gizo ke saƙar ba. Girki abu ne mai sauƙi, bakin mutane ne aiki. Kakarsa ta wajen uba da taji labari har gida tazo da sandarta, tace ni kam me mai gidan nawa ya tsare muku zaku ramar min dashi, so kuke a ce ɗana ya gaza ciyar da iyalinsa? Ita a wajenta jikin yaro shi ne shaidar rufin asirin gida, kuma bana ganin laifinta sosai, ta haifi tara ta binne uku suna ƙanana, duk ramewa suka yi kafin su tafi, wadda ta ga haka ba zaki zo da takarda mai layi-layi ki ce mata ƙiba ciwo bace ta yarda da wuri. Har yau in yaje gaisheta sai ta ƙulle masa ɗari biyu a gefen zani tace kar ka gaya wa uwarka. Wata maƙociyar kuma dariya tayi min tace ana ta kai wa yake ta kaya, mutane na neman abin da zasu sa a baki ke kina zancen rage ƙiba kamar 'yar Nasarawa. Kuma maganarta akwai ƙamshin gaskiya, don a Kanon nan wajen rabin yara 'yan ƙasa da shekara 5 a tsumbure suke saboda rashin abinci mai gina jiki, ko a rahoton da UNICEF ta fitar a Satumbar 2025 wanda naji a rediyo, inda suka ce karon farko yara 'yan makaranta masu ƙiba sun fi masu rama yawa a duniya, kusan ɗaya cikin 10, wajen miliyan 188, sun ware yankinmu na Afirka kudu da Sahara da kudancin Asiya sun ce nan har yanzu rama ce a gaba. Toh amma ni ga su nan a ɗaki ɗaya, yayan lukuti ƙanwar kamar tsinke, tukunya ɗaya kuɗin tara ɗaya. Shi yana cinye nasa da rabin nata a zaƙi yana kumbura, ita tana tsotsar ƙanƙara ta ƙi cin tuwo. Duk biyun ba ƙoshi bane. Ƙibar ɗan talaka ba ta nama da madara bace, ta fulawa da sukari da mai ce don sune masu araha, ƙanƙara ta hamsin tana nan ƙwai ɗaya kuwa ya haura ɗari biyu. Abin mamaki ma ƙaramar ce ta fi nuna canji da abincin Iya, kumatu sun fara fitowa.

Wanda yafi tsorata ni wata ce a layinmu da naji tana ba 'yarta maganin nan da ake ce wa sha-ka-fashe kafin sallah wai don kayan su zauna mata. Na tambayi nas tace wasu daga cikin irin waɗannan maganin mura da ƙaiƙayi ne mai buɗe ciki da sa barci, wasu kuma masu ƙarfi ne da ke kumbura fuska da tara ruwa a jiki suna iya tayar da suga da hawan jini, ba abin ba yaro bane haka kawai. Na faɗa mata da lallami, ta ce toh, ban sani ba ko ta daina.

A taron iyayen yara na makaranta na ɗaga hannu na kawo maganar masu tallar bakin ƙofa, nan fa aka rabu. Wani uba yace a kore su gaba ɗaya, wata mata ta miƙe tace a kori wa, mai fanken nan marayu biyar take riƙe dasu, ku da kuke da albashi ku bata jari mana ta canza sana'a. Wani ya kawo zancen harajin naira 10 da gwamnati ta ɗora kan kowace litar lemo tun 2022, aka yi dariya aka ce naira goma ko alawa bata saya yanzu wa zata hana. Mai shagon kusa damu da na taɓa masa ƙorafi cewa yayi Hajiya ni abin da ake saye nake kawowa, na taɓa kawo ayaba ta ruɓe min a kan kanta, biskit kuwa wata shida yana nan lafiyarsa ƙalau. Malamin Islamiyyarsu ne ma ya taimaka ba tare da na roƙa ba, ya karanta musu hadisin nan na raba ciki uku, kashi ɗaya abinci ɗaya ruwa ɗaya numfashi, yaron ya dawo yana min wa'azi a kan tuwo. A ƙarshe dai ba a kori kowa ba, amma yanzu akwai mai kawo dafaffiyar gyaɗa da yalo a cikinsu, ita ma tana ciniki.

Sannan a faɗi gaskiya, abincin Iya ba na kowa bane. Mai yara shida ina zata ga 12,000 duk sati? Wadda take ba yaro hamsin ko ɗari kuɗin tara ba zata iya 400 ba ko da dambun zinare ne. Wasu mata biyar a layin gaba dabara suka yi kamar adashe, kowacce ta ɗauki rana ɗaya ta dafa wa yaran gidaje biyar, mai Litinin wake mai Talata dankali haka haka, kuma sunce yafi musu sauƙi, duk da naji an fara ƙananan maganganu wai wata ranarta kullum gaya take kawowa.

Batun ko ya rage ƙiba, wanda shi kowa ke son ji. Nas ta gargaɗe ni tun farko tace kar ki kuskura ki sa yaro mai girma yunwa, ba so ake ya zube ba, so ake nauyin ya tsaya tsawo ya kamo shi. Haka kuwa akayi, a sikeli kusan yana nan inda yake, amma ya ƙara tsawo, tef ɗina kuma yace ƙugu ya ragu da inci ɗaya da rabi, wandon da na buɗe sau uku satin jiya na kama shi. Wuyan bai washe duka ba amma ya rage duhu. Kuma ba zan ce aikin kula bane kaɗai, mun daina shayin dare mai sukari uku, lemo sai ranar biki, an daina hawa adaidaita zuwa Islamiyya yana takawa da ɗan maƙota, don ance yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 60 kullum. Ranar Asabar babansa na kaishi su hau Dutsen Dala, zuwan farko sau huɗu yana zama a matakala yana haki yana cewa Abba mu koma, yanzu sau ɗaya yake hutawa. Babban abin da kular tayi shi ne ta cire kuɗi daga hannunsa a daidai lokacin da faranti ke gabansa.

In maki ne zan bata bakwai cikin goma, ukun mai da makara da ƙarin kuɗin dare suka cinye. Mai yaro ɗaya ko biyu da bata da lokacin girkin safe kuma dama tana bada 400 ko 500 a hannu, ki gwada, amma ranar farko ki je da kanki ki ce a rage mai da yaji, kuma ki dinga maimaitawa don mantuwa take. Ki kuma samu ɗan leƙen asiri a makarantar.

Jiya Laraba kakarsu ta kwana a gidanmu, da safe jikan Iya ya kawo kula tace miƙo nan naga abin da ake azabtar min da miji dashi. Ta buɗe, ranar dambu ce, ta ɗiba da hannu ta tauna ta sake ɗiba, sai da yaron yace Hajiya zaki cinye min fa. Tace a tambayo mata ko ana yi wa tsofaffi. Da zasu fita kuma ina kallonta ta taga tana kwance gefen zani.